Kaki cikin kampus, ku zo ku ga yadda ake rigima kanshi a Amurka

Salamu alaikum mutanen Tawa, ƴan fadarmu, da ku na Yamai masu bina kullum, ina wuninku, don na san can gida azahar ta kusa, mu nan ko rana ba ta gama fitowa ba, sanyi kamar ya tsinke ma mutum kunne. Ku yi haƙuri da hannun da ke rawa, safar hannu na manta a ɗaki.

To ku dubi bayana. Kun ga waɗancan samari da ƴan mata da ke gudu cikin layi, ɗaya na ba da waƙa sauran na amsawa? Ba zan matsa kusa ba, ban nemi izininsu ba. Ɗalibai ne kamar ni, an jima wasunsu za mu zauna aji ɗaya. Amma rana ɗaya cikin sati sai ka gansu da kaki da but, haka nan za su shigo amfi su zauna kusa da kai suna rubuta darasi. Tsarin sunanshi ROTC. Yaro na karatunshi na jami'a, lissafi ko tarihi ko injiniya, gefe guda kuma soja na horar da shi, ranar da ya karɓi takardar gama karatu sai a maƙala mishi galan ƙaramin hafsa, abin da mu muke ce ma suliyetna. In ya samu burs ɗinsu, soja ke biyan kuɗin makaranta su kuma ba shi ɗan abin kashewa duk wata, shi kuma ya sa hannu zai yi musu aiki, galibi shekara 4 cur cikin kaki, bayan nan ma da sauran shekaru da sunanshi ke cikin ajiya. Kuma tun kafin wani ya rubuto min a komanter, a'a, irina mai bizar karatu ba ya zama hafsansu, sai ɗan ƙasa.

Mu gida ai mun raba gari. Mai son soja ya yi konkur ya tahi makarantun soja, Prytanée ko EFOFAN, mai son boko ya haye Harobanda wajen jami'ar Yamai ko ya zauna jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Su nan sun cuɗa su wuri guda, kuma abin ya daɗe. Tun 1862 dokar da ta ba jihohi filaye su gina jami'o'i ta ce a riƙa koyar da dabarun soja a ciki, sannan a 1916, lokacin yaƙin duniya na farko, anka yi dokar da ta kafa ROTC ɗin kanshi. A jami'o'i da yawa dole ne ma, duk namiji sai ya yi shekara 2 yana fareti ko ya so ko ya ƙi. Wasu ɗalibai Kiristoci a Kaliforniya sunka ce addininsu bai yarda su koyi yaƙi ba, anka kore su, magana ta kai kotun ƙoli a 1934, kotu ta ce jami'a na da gaskiya. Wato tun kakanninsu ake wanga ja-in-ja.

Amma inda wuta ta kama sosai shi ne lokacin yaƙin Biyetnam. Ɗalibai sunka ce mu ba mu yarda da yaƙin ba, kuma ga jami'armu ta zama wurin ƙera hafsoshin da ke zuwa yin shi, to ina amfanin mu yi ta ihu bakin titi alhali ofishin na cikin gidanmu. A Harvard, 1969, malamai sunka jefa ƙuri'a a daina lissafa darussan soja cikin makin karatu, cikin watan Afrilu ɗalibai sunka mamaye babban ofishin jami'a, anka kira ƴan sanda sunka fidda su da kulki. Daga nan soja ya kwashe kayanshi daga can, haka Yale da Kolombiya.

Sai Kent State a jihar Ohayo, wannan kam ku tsaya ku ji. 30 ga Afrilu 1970 shugaba Nixon ya fito talabijin ya ce sojojinsu sun shiga Kambodiya. 2 ga Mayu da dare anka ƙone ginin ROTC na kampus ɗin. Gwamna ya turo sojojin jiha. 4 ga Mayu da tsakar rana sunka buɗe wuta kan ɗalibai, 4 sunka mutu, 9 sunka ji rauni. Abin da ya fi tsaya min a rai, cikin mamatan akwai William Schroeder, shi kanshi ɗan ROTC ne, ba ya ma cikin masu zanga-zangar, harsashi bai tambaye shi ɓangarenshi ba.

Ni hwa duk sanda anka kawo labarin nan hankalina gadar Kennedy ta Yamai yake tahiya. 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Saibou, ɗalibai sun taso daga kampus za su haye cikin gari, anka tare su kan gada anka yi harbi, 3 sunka rasu a lissafin hukuma, Allah ya jiƙansu. Har yau USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, na tunawa da ranar duk shekara, kuma kowa ya san jinin nan na cikin abin da ya tura ƙasa zuwa babban taron ƙasa na 1991. Shi ya sa ɗalibin Nijar in ya ga kaki cikin kampus jikinshi ke ba shi wani abu, mu an raine mu kan cewa jami'a wuri ne da jami'an tsaro ba su shiga haka nan kawai, in ka ga motarsu bakin ƙofa to ka nemi ruwa da ƙyalle, gaz na tahe. Watannina na farko nan in na ga mai kaki ya nufo amfi sai na ji gabana ya faɗi, alhali bawan Allah sauri yake kar ya makara jarrabawa.

Bari in shiga cikin ginin nan, iskar ta yi yawa. Yauwa.

Bayan Biyetnam rigimar ba ta mutu ba, riga ta canza. Daga 1993 akwai dokar da ta hana masu neman jinsi ɗaya bayyana kansu cikin soja, manyan jami'o'in sunka ce wannan wariya ce, ba su buɗe ƙofa. An soke dokar a 2011, shekarar nan Harvard ta sa hannu ROTC ya dawo bayan kusan shekara 40. Wannan nasu ne, ba shi ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne sandar da gwamnati ta ɗauko a tsakani. Majalisa ta yi wata doka cikin shekarun 1990 da ake kira da sunan Solomon, ɗan majalisar da ya kawo ta, wadda ta ce jami'ar da ta hana ROTC ko masu ɗaukar soja shiga za ta iya rasa kuɗin tarayya. Makarantun koyon shari'a sunka kai ƙara kan masu ɗaukar sojan, a 2006 kotun ƙoli ta ba gwamnati gaskiya, ko alƙali ɗaya bai saɓa ba. Kuma kuɗin nan ba na wasa ba ne, da su ake bincike, da su labo ke tafiya. To jami'ar da aka riƙe ma tukunya, ta yaya za ka ce da son ranta ta yarda?

Haka shi ma yaron. Karatu nan tsada ne da in na faɗa muku a sefa za ku ce ƙari nake, mutane na gama jami'a da bashin da za su yi shekaru suna biya. Sai a zo ma ɗan shekara 17 ko 18, wanda uwarshi ke aiki biyu, a ce ga karatu kyauta, sa hannu nan. Ɗan mai kuɗi in ya shiga, don yana so ne. Ɗan talaka ko, wani na so da gaske, wani kuma hanyar kenan da ya gani. Masu adawa na kuma cewa malaman sojan nan ba jami'a ke zaɓo su kamar sauran profesoshi ba, rundunarsu ke turo su, manhajar ma daga can take zuwa, to wa ke da iko da abin da ake koyarwa cikin gidanka? Wannan hujjar ni ta kama ni.

Amma hwa ɗaya ɓangaren su ma ba wawaye ba ne. Suna cewa hafsan da ya zauna aji da farar hula, ya yi gardama da malamin tarihi, ya ci abinci resto da ɗan zanga-zanga, ya fi wanda anka rufe cikin bariki tun yana yaro sanin cewa ba shi ke da ƙasa ba. Suna ba da misali da Colin Powell, ɗan baƙin haure daga Jamaika, ta ROTC na wata jami'ar gwamnati a New York ya fito a 1958 har ya zama shugaban hafsoshinsu. Mu da munka ga juyin mulkin 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023, ai ba mu ne za mu yi ma wannan magana dariya ba, in ka ce soja da ɗan boko su san juna tun suna yara, akwai abin dubawa ciki. Ina da ƴan uwa cikin kaki, kun san yadda yankinmu yake wajen Tillia da Tassara, ba ni da bakin zagin soja.

Duk da haka in an ce in jefa ƙuri'a, ni ina ga a bar bariki da ƙofarshi, jami'a da tata. Wanda ya gama lisans yana son gala ya je ya yi konkur da hankalinshi, babu bashi a wuyanshi, babu mai riƙe ma makarantarshi kuɗi. Ɗan ajinmu guda da ke cikin ROTC na gaya mishi haka, ya yi dariya ya ce to wa zai biya mishi karatun, ni? Gaskiya aljihuna bai da amsa.

Lokacin darasi ya yi, profesan nan kuma ba ya jiran kowa. Ku na kampus ɗin Yamai da na Tawa ku rubuta min, in gobe anka ce za a buɗe irin wanga tsari wajenku da burs cikakke, nawa ne cikinku za su ƙi sa hannu, ku faɗi tsakani da Allah. A gaida su inna, a ce ma ƴan fada su rage min shayi na uku. Sai an jima.