Allurar takomita tana faɗuwa tana tashi: ƙarar mita ba shaida ba ce

Ku dubi wannan allurar ta takomita, agogon da ke nuna juyin injin mota. Inji yana aiki lafiya, ƙafa tana kan totur ba ta motsa ba, allura tana kan juyi 2,000 a minti. Ga gargada. Ta faɗi sifili. Ta dawo. Ta sake faɗuwa. Da motar ta hau kwalta sai ta nutsu, kamar ba ita ba.

Kwanan nan bidiyo irin wannan sun yi yawa, kuma kusan duka labari ɗaya ne: an canja agogon, an canja sensa, an gwada wayoyi da mitar gwajin wuta an ce lafiyarsu lau, amma da an shiga daji sai ciwon ya dawo. A wurin gwajin wayar nan ake yin kuskuren, kuma a can za mu daɗe. Sauran za mu bi da sauri.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a yi amfani da kunne. Lokacin da allurar ta faɗi, injin ya yi tuntuɓe ko bai yi ba? In ya yi tari ko ya nemi mutuwa a daidai wannan lokacin, agogon ba shi da laifi, gaskiya yake faɗa. A nemi matsalar a sensar kiranshaf mai ƙirga juyin inji, ko kwayil mai ba fulogi wuta, ko wutar da ke zuwa musu. In kuwa injin bai san ma an yi ba, to laifin yana tsakanin inda saƙon juyin inji ke fitowa da bayan dashbod.

Saƙon daga ina yake fitowa? Tsohuwar mota mai fetur, daga ƙafar negetif ta kwayil, wadda ake rubuta wa lamba 1 a motocin Turai. Tsohuwar mai dizal ba ta da kwayil, don haka da yawa suna ɗauka daga altaneta, a wannan ƙafar mai harafin W, kamar Land Rover Discovery mai injin 300Tdi. Sababbin motoci kuwa sensa ce ke ƙirga juyin kiranshaf ta ba kwamfutar mota, ita kuma ta aika wa agogo. In taku irin ta ƙarshen ce, kun huta: ku jona na'urar karanta kwamfuta a soket ɗin OBD, ku kalli juyin inji a fuskarta kuna tafiya. In lambar tana tsaye daram allura tana rawa, sensa ta fita daga zargi.

Masu dizal, ku tsaya nan kaɗan. Tunda daga altaneta agogonku ke karatu, duk abin da ya sami altaneta ya same shi. Kun tsallaka rafi, fambel ya jiƙe yana santsi, allura za ta sauka na ɗan lokaci ta dawo. Gawayin altaneta ya cinye ko laka ta cushe shi, allura za ta riƙa tsalle, sau da yawa tare da fitilar batir tana ƙyaftawa. In kuma da safe allurar ba ta tashi sai an ɗan taka totur, altanetar ce ba ta fara caji ba tukuna.

To, ga inda ake faɗawa rami. Wuta ba ta tafiya sai da hanyar komawa. Tana fita daga fozitif na batir, ta yi aikinta a cikin agogo, ta koma negetif ta cikin ƙarfen jikin mota. Wannan baƙar wayar da aka ɗaure da noti a bayan dashbod, da wannan mai kauri da ta haɗa inji da shasi, su ne hanyar komawar. Kowa ya san a duba su, yadda ake duba su ne matsalar.

Ga abin da aka saba yi. A kashe mota, a juya mita zuwa wurin da take ƙara, a ɗora tsinken mitar ɗaya a wayar, ɗaya a ƙarfe. Tiiit. Shi ke nan, an wanke waya daga laifi, a tafi sayen sabon agogo.

Ku kalli wannan wayar da na feɗe. Zaren tagulla kusan duk sun karye, saura guda biyu, su ma sun yi kore. Bari in gwada ta. Kun ji? Tiiit. Mita ta ce lafiya. Ba ƙarya ta yi ba, tambayar da aka yi mata ke nan: akwai hanya ko babu? Wutar da take turawa don gwajin ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ba, zare ɗaya ya ishe ta wucewa. Kuma mitoci da yawa suna yin ƙarar ko da akwai cikas na om 20 ko 30 a hanya. Kamar a aika tururuwa ta gwada gada ne, ta tsallake, a ce babbar mota ta biyo.

A yi lissafi kaɗan. Noti mai tsatsa da ke da cikas na om 0.1 kacal, mitar hannu da ƙyar za ta bambanta shi da sifili. Amma in amfiya 10 suka bi ta cikinsa, bolt 1 cur ya salwanta a wurin. Agogon kuma da negetif yake auna saƙon da ke zuwa masa. In negetif ɗin yana hawa yana sauka, karatun ya rikice. Shi ya sa wasu ke ganin allura ta nutse da sun kunna fitila, domin fitilun dashbod da agogon sau da yawa noti ɗaya suke rabawa.

Gwajin gaskiya sai wuta tana gudana. A tayar da inji. A kunna manyan fitilu, fankar ciki, duk abin da ke jan wuta. A mai da mita kan bolt na DC, ƙaramin ma'auni. Baƙin tsinke a kan sandar negetif ta batir, a kan dalmar kanta, kada a ɗora a kan maƙallin, don maƙallin ma yana cikin waɗanda ake zargi. Za a buƙaci doguwar waya don ta kai. Jan tsinke kuma a kan wayar negetif a bayan agogo, soket yana jone. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanyar komawa. Ƙasa da bolt 0.1, madalla. Ta haura 0.2 ko 0.3, akwai magana. Tawa ga ta nan, 0.08. Lafiya, ko?

Ku jira. Motar tana tsaye ne, ciwon kuma na gargada ne, don haka mu kawo mata gargadar. Hannu ɗaya yana girgiza damin wayoyi, ido yana kan mita. A hankali, taki ɗaya bayan ɗaya. A kula da fanka da fambel, ba sa tambayar yatsan waye. Nan shiru. Nan ma shiru. Nan, inda wayoyin suka ratsa bangon da ya raba inji da ɗakin direba... kun gani? Ta yi tsalle zuwa 1.4, allura ta faɗi a lokaci guda. In mitarku tana da maɓallin Min/Max, ku danna shi, za ta riƙe muku lambar da ta gifta da sauri ido bai kama ba. Kuna ma iya barinta a jone ku fita kan hanyar da ke tayar da ciwon.

Daga nan sai a bi hanyar daki-daki: batir zuwa inji, inji zuwa shasi, shasi zuwa jiki. Inda lambar ta yi tsalle, nan ne. Motar daji tana da dalilin lalacewa a nan fiye da ta gari. Jikinta yana murɗewa a kan duwatsu, inji yana jijjiga a kan robobinsa yana jan wayar, laka tana riƙe danshi a ƙarƙashin noti har kwanaki. In kuma akwai winci, injin igiyar janyo mota in ta maƙale, wanda kan ja ɗaruruwan amfiya, kuma ba a kai negetif ɗinsa kai tsaye batir ba, wutar za ta nemi hanya ta ƙananan wayoyi ta gasa su. Ni dai ra'ayina, duk wanda ya ƙara fitilu shida a kan rufi bai ƙara wayar negetif ko ɗaya ba, shi ya gayyato wannan ciwon da kansa.

Gyaran ba shi da wuya. Cire negetif na batir tukuna. Kwance noti, goge ƙarfen har ya yi ƙyalli, ba fenti ba tsatsa. Yanke wayar har inda tagulla take ja, sa sabon kai, matse da kyau, ɗaure, shafa giris a sama don ruwa. Sai a maimaita gwajin da girgizar.

In negetif ya fita tsaf, a yi irin wannan gwajin a wayar fozitif, sannan wayar saƙo. Mitar da ke auna Hz, wato sau nawa saƙo ke bugawa a daƙiƙa, za ta taimaka: inji mai silinda 4 yana ba da tartsatsi 2 a kowane juyi, don haka a juyi 900 a minti za a ga kusan 30. A lura, wayar da ke fitowa daga kwayil in ta goge ta taɓa ƙarfe, injin ma mutuwa zai yi.

Wuta tana zuwa, negetif lafiya, saƙo bai yanke ba, allura tana nan tana wasa? Ku ƙwanƙwasa saman dashbod da tafin hannu. In ta farka, a ciro agogon a duba bayan allonsa da gilashin ƙara girma. Wannan siririn zoben da ya kewaye ƙafar soket, dalma ce ta tsage saboda jijjiga. A ɗora ƙarfen liƙin dalma mai zafi, a ƙara sabuwar dalma kaɗan, a bi duk ƙafafun layin, tunda an riga an buɗe.