Umra Goma Ba Ta Biyan Bashin Arfa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke can wajen taga, yayyena da ƙannena, Zage-zagin Ingila, barkanmu da war haka. Na ga waɗanda suka taso tun daga Landan cikin wannan ruwan da ba ya gajiya, Allah ya ba da ladan zumunci. Sakatare ya ba ni minti goma sha biyar, ya ce in yi magana a kan Hajji da Umra, inda suka haɗu da inda suka rabu. Ni almajiri ne, ɗan abin da na sani a wani zaure na Unguwar Juma na tsince shi, ina zaune kan buzu. In na yi tuntuɓe, ga malamai nan a sahun gaba.

Abin da ya sa na karɓi wannan magana, azumin bara ne. Na haɗu da wani ƙanena a filin jirgi, ɗan Tudun Wada, da jakarsa a kafaɗa zai tafi Umra. Na ce ta nawa ke nan? Ya ce ta biyar. Na ce masha Allah, Hajji fa? Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai Umrar azumi Hajji ce." Ban ce masa komai ba a lokacin, domin ana kiran jirginsu. Yau zan ba shi amsa, kuma na san ba shi kaɗai ba ne a ɗakin nan.

Ban ga laifin mai ruɗewa ba, don daga nesa kamarsu ɗaya. Harami ɗaya ne: namiji ya tuɓe ɗinkakku ya ɗaura gyauto da mayafi, kai a buɗe, mace ta zauna cikin suturarta ta bar fuska da tafin hannu. Babu turare, babu yanke farce ko gashi, babu kusantar iyali, babu ɗaura aure. Labbaika ɗin ita ce dai. Ɗawafi bakwai, Ka'aba tana hagunka, daga Hajarul Aswad ka dawo gare shi, ka yi raka'a biyu a bayan Maƙamu Ibrahim. Sa'ayi bakwai, ka fara daga Safa ka ƙare a Marwa, tafiyar da in an haɗa ta ta ɗan haura kilomita 3. Sai aski ko saisaye. Mai Umra daga nan ya gama, wanda ya shiga da hantsi yana iya yin Azahar cikin jallabiyarsa.

Bari in ɗan ratse a kan miƙati, wato iyakar da ake ɗaukar harami kafin a shiga Makka, domin mu na nan abin ya fi shafa. Wanda ya fara sauka Madina hankalinsa kwance, zai ɗauki harami a Zul Hulaifa, wurin da direbobi ke kira Abyar Ali. Amma wanda jirginsa ya nufi Jidda kai tsaye daga nan, yana sama zai gitta daidai miƙatin Juhfa. A sa tufafin tun a ƙasa, a yi niyya idan an yi sanarwa. Na taɓa ganin dattijo yana kokawa da gyauto a banɗakin jirgi, mutane sun yi layi suna ƙwanƙwasa masa. Wanda kuwa ya wuce miƙati ba harami bai koma ba, yanka ya hau kansa, ko Hajji ya je ko Umra.

To, a ina suka rabu? A Arfa. Rukunan Umra uku ne: harami, ɗawafi, sa'ayi. Hajji yana da waɗannan, ya ƙara na huɗu, tsayuwar Arfa, wadda Manzon Allah (SAW) ya ce ita ce Hajjin. Ita kuwa rana ɗaya gare ta a shekara, 9 ga Zulhajji. Ranar 8 kana Mina, ranar 9 kana Arfa har rana ta faɗi, ka kwana Muzdalifa a fili, ranar 10 da muke layya a gida kai kana jifan Jamratul Aƙaba da tsakuwa 7, ga hadaya, ga aski, ga ɗawafin ifada. Ka sake komawa Mina, kullum tsakuwa 21, wanda ya yi gaggawa ya tashi da 49, wanda ya cika kwanakin ya jefa 70. Mai Umra ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai in motar ziyara ta kai shi ya ɗauki hoto a gindin Dutsen Arfa. Umra ƙofarta a buɗe take kusan duk shekara, Hajji kuwa in ya wuce ka sai baɗi, in da rai.

Sai hukunci, kuma nan ne zancen ƙanena yake. Hajji rukuni ne cikin biyar ɗin da aka gina Musulunci a kansu, sau ɗaya a rayuwa ga wanda ya sami iko, kamar yadda aya ta 97 ta Ali Imrana ta faɗa. Umra a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi, sau ɗaya a rayuwa. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce wajibi ce. Hadisin da ya jingina da shi ingantacce ne, Umra a cikin Ramadan tana daidai da Hajji. Amma a lada ake nufi. Babu malamin da ya ce ta sauke farali. Wanda ya yi nafila raka'a ɗari da daddare, Asuba tana nan tana jiransa. Ku duba ma, malamanmu na Malikiyya sun karhanta maimaita Umra cikin shekara ɗaya, ga mu kuwa muna jigila zuwa Masallacin A'isha a Tan'im don ɗaukar sabon harami, yau ta baba, gobe ta inna, jibi ta kaka. Shi kansa Annabi (SAW) Umra huɗu ya yi, Hajji ɗaya bayan hijira, a shekara ta 10.

Haɗa su a tafiya ɗaya ya halatta. Yawancin alhazanmu na gida tamattu'i suke yi: Umra cikin watannin Hajji, a kwance harami, a sake ɗauka ranar 8, sannan a yi hadaya. Wanda bai samu ba ya yi azumi goma, uku a can, bakwai in ya dawo. Akwai ƙirani, wato haɗa su a harami ɗaya, akwai kuma ifradi, wato Hajji shi kaɗai, wanda Malikiyya suka fifita.

Na san abin da ke ranku: Umra sauƙi gare ta, Hajji kuwa tsada da wahalar kujera. Gaskiya ne. Umra sai ka cike takarda a waya, ka haɗa da hutun makarantar yara, ka hau jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 ka je Madina ka dawo. Hajji kuwa tun 2023 mazauna ƙasashen nan ta manhajar Nusuk suke nema, kana kallon waya kujeru su ƙare. Kada wannan ya sa wani ya shiga da bizar Umra ko ta ziyara ya maƙale. A Hajjin 2024 mutum sama da 1,300 suka rasu, zafi ya haura digiri 50, kuma akasarinsu ba su da izinin Hajji, ba tanti ba mota. Allah ya jiƙansu.

Amma a yi lissafi tsakani da Allah. Kuɗin Umra biyar da otal mai kallon Harami, in da an tara su, ina za su kai? Kakanninmu daga Ƙofar Doka suka fita da jaki, ta Barno, ta Chadi, ta Sudan, suna noma a hanya suna ci, har su ƙetare Bahar Maliya bayan shekaru. Wasu ba su dawo ba, jikokinsu suna can Sudan har yau suna jin Hausa. Su ba su san wata tafiyar Umra ta mako guda ba. Kuma wani cikinmu yana da tsohuwa a Kwarbai ko Tudun Jukun da ba ta taɓa kwana a sansanin alhazai na Mando ba, kullum sai dai a kawo mata Zamzam da dabino da carbi. An ba ta tsarabar Makka har ta gaji, Makkar ce ba ta gani ba.

Ban ce a daina Umra ba, kada a fita a ce ɗan Unguwar Juma ya hana. Wanda ya sauke farali ya je duk shekara in Allah ya hore masa, ya sa mu a addu'a. Da wanda bai sauke ba nake.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon a ƙara abu ɗaya a ajandar yau: adashen Hajji, daban da na biki da na gaisuwar rasuwa da muke yi. Mai so ya zuba duk wata, wanda bai taɓa zuwa ba shi za a fara ba kwasa, ko ya je da kansa ko ya biya wa mahaifi ta hukumar alhazai a gida. Ma'aji ya ce ya zo da littafi, yana nan bakin ƙofa kusa da kular masa. Ƙanena na Tudun Wada, na gan ka kana sunkuyar da kai; na riga na ce a bar maka layin farko.

Wassalamu alaikum.