Kafin Gulbi Ya Cika: Lacca Kan Shirin Aikin Agaji a Argungu

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, masu unguwanni, iyaye mata, samari da 'yan mata, Allah ya saka da alheri da kuka baro harkokinku kuka zo.

Duk wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya biyo Gulbin Rima ya shanye fadamarmu, ko ta 2020 da ta binne shinkafar Kebbi, ya san kafin motar hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ko ta jiha, SEMA, ta iso ƙauye an riga an kwana. Haka a Warra cikin Ngaski a 2021, da jirgin ruwa ya kife da 'yan kasuwa, masu ninƙaya na yankin aka nema. Maƙwabci ne ke fara kai hannu. To shi maƙwabcin, ya shirya?

Na taɓa tsayawa bakin gulbi ina kallo, wani saurayi ya faɗa ruwa don ya ceci abokinsa. Zuciyarsa fara ce, amma bai san wanda ruwa ke ci yana riƙe mutum da ƙarfin mutum uku ba. Su biyun aka yi wa salla washegari. Har yau abin bai bar ni ba. Da ya jefa masa jarka wofi mai murfi a ɗaure da igiya, ko ya miƙa masa gora irin wanda Kabawa ke hawa ranar bikin kamun kifi, da wataƙila yau suna cikinmu. Don Allah samari, a miƙa sanda, a jefa igiya, kada a faɗa sai wanda ya gwanance. Ku je wajen sarkin ruwa da masunta tun da rani su koya muku, ba ranar da ruwa ya kai ƙirji ba.

Idan an fito da mutum ba ya numfashi, kada a tsaya matsa masa ciki wai ruwa ya fita. A kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a hura masa iska sau 2, a ci gaba. Wannan da hannu ake koyonsa, Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini suna koyarwa.

Iyaye mata, naku aikin ya fi yawa bayan ruwa ya janye, domin rijiya ta haɗu da masai, amai da gudawa ya biyo baya. Ga haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan har a kai asibiti.

Kowace unguwa ta san tudun da za ta gudu, ta kuma rubuta gidajen da ke da tsoho, makaho ko mai ciki, da sunan wanda zai ɗauko kowannensu. A saurari hasashen hukumar kula da yanayi, NiMet, a rediyo. Lambar gaggawa 112 ce, a ajiye ta tare da ta mai unguwa.

Akwai takarda a bakin ƙofa. Mai kwalekwale ya rubuta, mai babur ya rubuta, ungozoma ma ta rubuta, mu san wa za mu kira da tsakar dare. Wassalamu alaikum.