Jawabin Maraba Ga Malamin Ilimin Shari'ar Laifuka Daga Hausawan Bronx

Assalamu alaikum. Limamai, dattawan zango, iyayenmu mata, barkanmu da yamma.

Ranka ya daɗe Malam, sannu da zuwa, mun gode da ka amsa gayyatarmu. Kai ba baƙo ba ne a unguwar nan, kowa ya san ka fara da aikin sa ido kan waɗanda kotu ta saki bisa sharaɗi, kullum kana kotun laifuka ta titi na 161, da rana aiki da dare karatu har ka yi digiri na biyu, yau ga ka kana koyarwa a kwalejin shekara biyu, ɗalibanka suna wucewa John Jay, kwalejin ilimin shari'ar laifuka ta New York. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Buƙatarmu ɗaya ce kuma gara mu faɗa tun yanzu: ka ba mu Asabar ɗaya a wata ka zo nan masallaci ka koya mana haƙƙinmu a gaban ɗan sanda da alƙali, mu za mu kawo tafinta.

Mu nan daga unguwar Nima ta Accra muka zo, da Kumasi, da Kano, da Maraɗi, da Damagaram. Da kuɗin tasi da kitso da gadi muka kama hayar wurin sallar nan, ba wanda ya ba mu sisi, har muka ga ranar da makarantun gwamnati na New York suka fara ba da hutun Sallah. Amma mun sha wuya Malam. A nan unguwar Soundview 'yan sanda suka harba wa Amadou Diallo harsashi 41 a ƙofar gidansa suka kashe shi ranar 4 ga Fabrairu 1999, ɗan Gini ne amma ɗanmu ne, kuma kotu ta wanke 'yan sandan duka huɗu. Samarinmu sun sha tsayarwa da lalube a titi kafin alƙaliya ta ce ya saɓa wa tsarin mulki a 2013, ga leƙen asirin da 'yan sanda suka yi wa masallatai da aka bankaɗo a 2011.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne mutum zai amsa ƙaramin laifi don kawai a sake shi ya koma aiki, ashe ya ɓata takardunsa, sai ya je sabunta girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ko ya dawo daga gida a riƙe shi a filin jirgi. Da yawanmu ba su san suna da ikon yin shiru su nemi lauya ba, wasu ba su san ba dole ne su buɗe wa jami'an shige da fice ƙofa ba sai da takarda mai sa hannun alƙali. Wallahi wannan kawai in aka sani an tsira da gidaje da yawa.

Muna kuma so ka duba yaranmu masu son shiga sashenku, amma ajin Asabar ɗin nan shi ne gaba. Kujeru akwai, shayi akwai, don Allah kafin ka tashi ka tsayar mana da ranar farawa.

Allah ya maida kai gida lafiya.