Hirar Zaure: Ruwan 2004 a Gidanmu

Auwal: Assalamu alaikum, masu saurarenmu, barkanmu da yamma daga Gombe. Tunda hadarin jiya ya sauke, saƙonni ke ta shigowa, kowa na cewa a taɓo ambaliyar ruwan da aka yi a nan Gombe a Agustan 2004. Shi ya sa na ce Hamma Buba da Zainabu su ba mu na gidansu.

Hamma Buba: Wa alaikumus salam. Kafin komai bari in gyara wa wanda ya rubuto cewa madatsar Dadin Kowa ce ta ɓalle. A'a, ɗan'uwa. Ka haɗa da ta Alau da ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024. Dadin Kowa tana can gabas, ƙasa da mu. Namu ruwan sama ne zalla. Garin nan a cikin kwano yake, ruwa ya gangaro daga tudun yamma, ƙasar kuma yashi ce, sai ya bi kwaruruwan da suka ratsa unguwanni. Da kwari ya cika, ina zai je? Gidajen mutane.

Zainabu: Ni fa Hamma, shekarata shida lokacin. Ƙara kawai nake tunawa.

Hamma Buba: Ai ƙarar ce. Ba ta kwanon rufi ba, wata ce daga bayan gida, kamar tirela na sauke tsakuwa. Inna tana tankaɗe a ɗaki, sai ga takalman bakin ƙofa sun shigo da kansu, suna yawo a kan leda. Kafin ta goya ki, ruwa ya kai mata gwiwa. Jawur, sanyi ƙalau, ga tsumma da ledoji da kashin awaki. Zaure ya toshe, don ta nan yake shigowa. Baffa, Allah ya jiƙansa...

Auwal: Amin ya Allah.

Hamma Buba: Ya ɗauki taɓaryar Inna ya nufi katangar baya. Ginin ƙasa ce, ta riga ta jiƙe. Ya yi ta duka yana "Hasbunallahu wa ni'imal wakil", har ta hudu. Da ruwan ya samu hanya, sai na ga ya ja baya daga ƙirjina zuwa cibiya. Ta wannan kafar muka fice, ɗaya bayan ɗaya, riƙe da zanen Inna da aka murɗe kamar igiya.

Zainabu: Ka tsallake kakarmu Dada da akuyarta.

Hamma Buba: Wa zai tsallake? Dada ta dafe turke ta ce ba inda za ta sai da ita.

Auwal: Tsaya, akuya dai akuya?

Zainabu: Ja ce mai farin goshi. Jikoki tara a gidan, amma Dada sai cewa take, "Buba, akuyar! Ciki gare ta!"

Hamma Buba: Haka na saɓa ta a wuya, tana kuka a kunnena, tana harbina.

Auwal: To, wa ya fi nauyi, ita ko Zainabu?

Zainabu: Auwal, ka kiyaye ni! Ai tagwaye ta haifa bayan sati biyu. Har yau duk akuyar da ke gidanmu jininta ce, in za a sayar da ɗaya sai an yi shawara kamar za a aurar da 'ya.

Auwal: A kai mata lefe ke nan.

Hamma Buba: Ku dai yi dariya. Kuɗin 'ya'yanta ne ya sayi bandir ɗin kwano na farko da muka sake rufi. Amma abin da ba na iya mantawa, safiyar da muka koma daga firamaren da muka kwana. Kwallayen jeren Inna an tsinto su cike da yashi can bakin kwari. Buhun masara huɗu sun kumbura sun fara tsiro. Allona ma an gan shi, rubutun ya wanke tas. Maƙwabcinmu kuwa yaronsa yake nema, yana bin kwarin da sanda yana tona yashi. Kwana uku Baffa na bin sa. Inna har ta rasu, in hadari ya haɗo ba ta kwanciya, sai ta zauna bakin ƙofa da mayafinta a hannu.

Zainabu: Ni ma haka nake yi yanzu, ban ma san daga ita na ɗauka ba.

Hamma Buba: Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an zuba harsashi a bakin kwari, ko ana juye shara a lambatu da an ga hadari, wai ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita gidan wa?

Auwal: Hamma, da mun shirya karanta saƙonni biyar, ga shi an kira Magariba.

Hamma Buba: Ban ma faɗi yadda aka ciro keken ɗinkin Baffa ba.

Zainabu: Sai mako mai zuwa. Auwal, kashe, alwala zan yi.