Ƙuri'a miliyan huɗu, kujera biyar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga ni a bakin kogin Thames, ginin da kuke hangowa a bayana shi ne majalisar dokokin Birtaniya. Ku yi haƙuri da iskar nan, sai kaɗa min waya take.

Zaɓen 4 ga Yulin 2024 da ni aka yi, domin ɗan Najeriya da ke zaune a nan bisa ƙa'ida yana da ƙuri'a, albarkacin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Ba dangwale, ba tawada. Fensir ne ɗaure da zare a ɗan lungu, ka zana X a gaban sunan mutum ɗaya, ka ninke takarda ka jefa.

Washegari da lissafi ya fito ne na riƙe baki. Kujeru 650 ake nema. Jam'iyyar Labour ta Keir Starmer kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u ta samu, amma ta kwashe kujeru 411. Reform ta Nigel Farage, mutum sama da miliyan huɗu suka zaɓe ta, kujera biyar kacal. Liberal Democrats ba su kai ta ƙuri'u ba, suka tashi da 72!

Ba maguɗi ba ne, tsarin ne haka, kuma shi muka gada a majalisar wakilanmu mai kujeru 360. Kowace mazaɓa wakili ɗaya, wanda ya fi yawa ya ɗauka, na biyu kuwa ko da miskala zarratin aka fi shi, gida zai koma hannu rabbana. A Hendon, arewacin Landan, ƙuri'a 15 ce ta raba gardama. Reform ƙuri'unta a warwatse suke, ta zo ta biyu a mazaɓu kusan ɗari. Su Liberal Democrats sun tattara ƙarfinsu a wuraren da suka san za su iya kada 'yan Conservative, jam'iyyar da ke mulki a lokacin.

Ni ban da tausayin Farage, kun san ra'ayinsa a kan baƙi irinmu. Amma gaskiya ɗaya ce, lissafin nan bai kwanta min ba. Ku duba: a 2019 Labour ta fi samun ƙuri'u, sama da miliyan goma, aka ba ta kujeru 202 aka ce ta sha ƙasa. A 2024 ba ta kai miliyan goma ba, amma Starmer ya shiga Downing Street, fadar firaminista.

Yayyafi ya fara, bari in shige tashar jirgin ƙasa.