Yadda Ake Zama Dayetishan Mai Rajista a Amurka

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku ɗauka ga mai ciwon ƙoda, ana yi masa wanki sau uku a mako. Likita ya duba shi, ya rubuta magani, ya wuce gadon gaba. To wa zai zauna ya lissafa masa gishirin da zai ci da ruwan da zai sha a yini? Wa zai ja masa kunne kan ayaba da tumatir da dankali, saboda sinadarin fotasiyam da ƙodarsa ta kasa fitarwa? Wannan aikin dayetishan ne, ƙwararren da ke tsara wa marasa lafiya abinci bisa ilimi. Yau za mu bi hanyar da ake bi a Amurka kafin mutum ya samu wannan suna.

A can za ku ga haruffa biyu ko uku bayan sunan mutum, RD ko RDN, wato dayetishan mai rajista. Abu ɗaya ne. An ƙara na biyun ne a 2013, kowa ya zaɓi wanda ya fi kwanta masa. Ƙungiyar masu sana'ar ta samo asali tun 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ilin da wasu mata, ciki har da Lenna Cooper da Lulu Graves, suka haɗu a birnin Kilibilan (Cleveland) na Amurka don taimaka wa gwamnati wajen tattalin abinci. Sunanta yanzu Academy of Nutrition and Dietetics. Rajistar kanta kuwa sai a 1969 aka fara ta.

Sunayen hukumomi biyu za ku riƙe. ACEND ita ce ke tantance makarantu, ta ce wannan kwas ya cika sharaɗi. CDR ita ce ke shirya jarrabawa, ta kuma ba da rajista. Duk kyawun jami'a, in kwas ɗinta bai da hatimin ACEND, ba zai kai ka zauren jarrabawar CDR ba. Nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe tun ba a je ko'ina ba.

Sai karatu. Da can digirin farko ya isa. Daga 1 ga Janairun 2024, duk sabon mai neman zama jarrabawar sai ya riƙe digiri na biyu. Waɗanda suka riga suka samu rajista kafin ranar ba a taɓa su ba. Abin lura shi ne, digiri na biyun ba lallai ya zama a fannin abinci ba, muddin dai ka yi darussan da ACEND ta amince da su. Darussan kuma ba na girke-girke ba ne kamar yadda wasu ke zato. Akwai kimiyyar sinadaran jiki, akwai yadda gaɓoɓi ke aiki, akwai ilimin ƙwayoyin cuta, sannan ga babban darasin, wato yi wa cuta magani ta hanyar abinci. Wanda ya guje wa kemistiri a sakandare zai sake haɗuwa da shi a nan, ido da ido.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Bayan aji, dole ka yi aikin koyo a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, aƙalla sa'a 1,000. Za a zagaya da kai: ɗakin marasa lafiya, inda za ka koyi lissafin abincin da ake ɗura wa mutum ta bututun hanci, ɗakin girkin asibiti, inda za ka koyi ciyar da ɗaruruwan mutane ba tare da abinci ya lalace ba, da kuma shirye-shiryen cikin al'umma, irin na mata masu juna biyu da ƙananan yara. Wasu suna gama darussa tukuna, sai su nemi gurbin aikin koyo daban. Wasu kuma suna shiga tsarin da ya haɗa aji da aikin koyo wuri guda. A ganina, wanda ya samu tsarin haɗe ya huta, domin neman gurbi daban akwai takara a cikinsa.

Kuma kada in ɓoye muku, yawancin wannan aikin koyo ba a biyan albashi. Sau da yawa ma kai ne za ka biya kuɗin makaranta, kana tsaye a asibiti daga safe zuwa yamma. Watanni ne mutum zai yi haka, ga haya, ga kuɗin mota. Shi ya sa har a cikin masu sana'ar ake muhawara: ƙarin digiri na biyu ya ɗaga darajar aikin ne, ko kuwa ya ƙara toshe wa ɗan talaka ƙofa? Ni dai ina ganin koken yana da tushe.

Idan ka kammala, shugaban kwas zai ba ka takardar shaida, sannan ka yi rajistar jarrabawa. A kwamfuta ake yi, tambayoyi tsakanin 125 zuwa 145, kuma kwamfutar tana auna ka, tana zaɓo tambaya ta gaba bisa yadda ka amsa ta baya. Ana ƙirga maki daga 1 zuwa 50, ana cin jarrabawa da 25. Kaso mafi girma na tambayoyin kan kula da abincin marasa lafiya ne, amma akwai na tafiyar da ma'aikata da kasafin kuɗin ɗakin girki, waɗanda ɗalibai kan raina har su kayar da su.

Ka ci jarrabawa, ka zama RD. Saura jiha. Yawancin jihohin Amurka suna da nasu lasisin, kuma dokar wannan ta bambanta da ta waccan. Bayan haka, duk shekara 5 sai ka nuna ka yi ƙarin karatu na sa'a 75, in ba haka ba rajistar ta faɗi.

To wanda ya karanta fannin abinci a Kano ko Zariya ko Akara ko Yamai fa? Digirinsa ba ya kai shi jarrabawar kai tsaye. Zai fara kai takardunsa wurin wata hukumar tantance shaidar karatu ta tabbatar sun yi daidai da digirin Amurka. Daga nan shugaban wani kwas mai hatimin ACEND zai duba darussan da ya yi, ya faɗa masa waɗanda zai cike, sannan ya shiga layin aikin koyo kamar kowa. Jerin makarantun da aka amince da su yana nan a shafin ACEND na intanet, kyauta. Ku buɗe shi ku ga sunan makarantar da idonku kafin ku tura wa kowa ko sisin kwabo.